Malam Silash, Wanda Bai Yarda a Gajarta wa Kowa Suna Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, abokin aikina kuma abokin gardamata na shekara ashirin da biyu, mai kula da ɗakin kwamfuta na kwalejinmu, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Silash. Ya rasu a asibiti yana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata huɗu. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi wayar Yaya ta shigo. Kalma uku ta iya faɗa: "Malam ya cika." Na ajiye allin, na sallami ajin, na kama hanyar asibiti.

Malam, na san da kana nan da ka karɓi takardar nan ka bi ta da jan biro, domin ba ka taɓa barin rubutuna ya wuce ba gyara ba. Yau babu mai gyara mini, sai ka yi haƙuri da abin da ya samu.

Waɗanda ba su san ka ba za su yi mamakin wannan laƙabi, don haka bari in fara daga tushe. Lokacin da ka karɓi ɗakin kwamfuta, injina ashirin da huɗu ne a ciki, duk sun tsufa. In aka kunna ɗaya, sai mutum ya je ya yi alwala ya dawo kafin ta gama farkawa. Hukumar kwaleji ta yanke shawarar a yi gwanjonsu a rufe ɗakin sai an samu sababbi, kuma kowa ya san ma'anar "sai an samu". Ka roƙi a ba ka hutun ƙarshen zango kawai. Ka shafe makonni uku a ɗakin nan da sukundireba da ƙaramin buroshi, kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kana share fankokinsu, kana cire na wannan ka sa wa waccan. Sannan ka goge babbar manhajar da ke tafiyar da su, ka ɗora musu wata wadda a lokacin sunanta kawai nake ji, ban taɓa ganinta ba. Da aka dawo hutu, goma sha tara sun tashi suna aiki. Ɗalibai dubu nawa suka fara taɓa kwamfuta a kan waɗannan goma sha tara, Allah kaɗai Ya sani.

Ranar da na fara leƙowa na ce maka ashe wannan ce Linux ɗin da ake cewa kyauta ce. Ka ɗago kai daga cikin injin, ka ce jimla ɗaya na yi amma kuskure biyu ne a cikinta. Na farko, ba kyauta ce ta sa ka zaɓe ta ba, 'yanci ne: kowa na da damar ya yi amfani da ita, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka yi ta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. Ka ce kyauta mai ita yana iya janye ta gobe, 'yanci kuwa in an ba ka ya zama naka. Na biyu, sunanta ba Linux ba ne, GNU/Linux ne. Da yake layin nan da ya karkace a tsakiya sai ka furta shi da baki, "GNU silash Linux", kafin zango ya ƙare ɗalibai sun raɗa maka suna. Ka ji, ka yi dariya, ka amsa.

Hujjarka na haddace ta kamar karatun yara, saboda na ji ta fiye da sau ɗari. Tun farkon shekarun 1980 wasu mutane suka ɗaura niyyar gina babbar manhaja mai 'yanci, suka kira aikinsu GNU. Suka shafe shekaru suna ƙera kayanta ɗaya bayan ɗaya, saura ƙwayar tsakiya, wadda ke magana da injin kai tsaye. A 1991 wani ɗalibin jami'a ya rubuta irin wannan ƙwaya, aka kira ta Linux, aka haɗa ta da kayan, abu ya tashi. Sai sunan ƙwayar ya haɗiye sunan duka. Kakan ce, mutane sun haƙa harsashi, sun ɗora bulo har gini ya kai linta, wani ya zo ya yi rufi, yabon gwani ya zama dole, amma ina dalilin kiran gidan duka da sunan mai rufi? Kuma abin da ya fi damun ka, in sunansu ya ɓace, dalilin da ya sa suka fara ginin ma zai bi shi.

Ni kuma ina da tawa. Na ce suna na baki ne, ba na kotu ba. Abin da mutane suka saba faɗa shi ne suna. Na ce in adalci ake nema, to akwai masu tagogi da masu ƙofofi da masu wayar lantarki, domin ƙungiyoyi da yawa sun zuba aikinsu a ciki, sai sunan ya kai layi uku, ɗalibi ya gaji kafin ya kunna. Kai kuma ka ce wanda ya kasa gaishe da duk mutanen gari ai ba ya fasa gaishe da ubansa. Haka muka yi ta yi, a ɗakin malamai, a mota, a falon gidanka. Wata rana ka ce mini in saurari yadda sunan ke fita a bakin Bahaushe: "Ganu". Ka ce ai sunan da kansa roƙo yake yi, a bari aikinsu ya ganu. Yaya tana zuba mana shayi ta ce mu ji tsoron Allah, a gidan nan ko shayi ba a sha da daɗi, kullum tana jiran ranar da za a ce sunansa ruwa silash ganye silash sukari.

Amma wanda ya ɗauka gardama ce kawai aikinka bai san ka ba. Kowace Asabar kana buɗe ɗakin ga mutanen da ba ɗaliban kwaleji ba: masu shaguna, mata masu ɗinki, direbobi, tsofaffin ma'aikata. Na tuna wani dattijo, malamin firamare mai ritaya, da yake son rubuta tarihin makarantar da ya koyar shekara talatin. Hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta. Ka zauna kusa da shi Asabar goma sha biyu, ka koya masa yin komai da madannai kaɗai, ka ƙara masa girman haruffa har ya daina matso da fuskarsa jikin allo. Ranar da ya buga shafinsa na farko ya riƙe takardar yana kallo, ya ce ashe wannan "kwamfutar Malam" ba ta da wuya. Na zuba ido in ga ko za ka gyara masa sunan. Ba ka gyara ba. Da na tsokane ka daga baya, ka ce gyaran suna na masu ilimin da suka san gaskiya ne suke ƙyuya, irina.

Babban abin da ya shiga tsakaninmu, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, ya faru ne shekara tara da suka wuce. Kai ka kawo shawarar mu mayar da manhajar zuwa Hausa, don mutanen Asabar da makarantun da ke kewaye. Muka taru, malamai da ɗalibai da wasu daga waje, muka raba layukan da za a fassara, sun fi dubu huɗu. Sakatariyar sashenmu aka ba aikin bugawa, baiwar Allah da ta yi shekara ashirin da shida tana buga wasiƙun da wasu ke sa wa hannu. Bugawa kawai aka ce ta yi, amma ta kasa haƙuri da Hausarmu. Wurin da ake danna don kada aiki ya ɓace mun rubuta "Ceci". Ta ce ceto na wanda ya faɗa rijiya ne, takarda adana ta ake yi. Wurin da mutum zai janye daga abin da ya fara mun sa "Soke", ta ce a ofis ko a gida ba wanda ke cewa haka, "Fasa" ake cewa. Kafin mu ankara ta bi layukan nan duka, ta gyara fiye da rabi, a lokacin hutunta na rana, abincinta na gefe yana hucewa.

Da aiki ya kusa ƙarewa sai aka zo kan sunan da za a rubuta a allon farko. Muka zauna a ɗakin kwamfuta, mu goma sha bakwai. Ka yi bayaninka, na yi nawa, aka ɗaga hannu. Goma sha biyu suka bi ni. Da na tsaya a nan da babu komai. Amma daɗin nasara ya ɗebe ni, na ce a gaban ɗalibanka, wasu mutane da ke ta kukan a ambaci sunan wasu, nasu sunan suke nema wa hanya. Ka dube ni, ka cire tabarau ka goge, ka ce ka karɓi hukuncin jama'a. Abu ɗaya ka roƙa: a bar ka ka sa shafi guda a ciki mai ɗauke da sunayen duk wanda ya taɓa aikin. Na ce ka sa, wa zai buɗe shi?

Ranar ƙaddamarwa babban ɗakin taro ya cika. Ni aka ba gabatarwa, tunda bakina ya fi naka sauri. Shugaban kwaleji, wanda bai san yadda aka yi aikin ba, ya miƙe ya gabatar da ni a matsayin wanda ya ƙirƙiro abin kuma ya fassara shi. Aka yi tafi. Malam, na ji kuskuren da kunnena, kuma na yi shiru, saboda tafin ya yi mini daɗi. Sakatariya tana can baya kusa da ƙofa tana raba wa baƙi takardar tsarin taro.

Sai na ga ka ɗaga hannu kamar ɗalibi, ka miƙe.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, akwai ɗan gyara. Ƙanina ya yi aiki, kuma Allah Ya saka masa. Amma Hausar da kuka gani a allon nan kuka ce ta yi daɗi, ga mai ita can a bakin ƙofa. Ina roƙon a ba ta kujera."

Ka zaro takarda daga aljihu ka karanta sunaye talatin da ɗaya, kowa da abin da ya yi, har da mai gadin da ke jiran mu ya rufe ƙofa da yamma da direban da ya ɗauko injinan gwaji. Aka kawo Sakatariya gaba tana rufe fuska da takardun hannunta.

Na fita daga ɗakin nan cike da fushi. A ganina ka rama ne, ka kunyata ni a bainar jama'a. Wata biyar ban taka ɗakin kwamfuta ba, in mun haɗu a baranda sallama kawai. Na daina zuwa gidanka. Kai kuwa ba ka canza ba. Duk ranar Litinin ina samun jaridar da ka gama karantawa a kan teburina kamar yadda ka saba ajiye mini.

Yaya ce ta gaji. Ta zo gidana da rana tsaka, ta ƙi zama. Ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba ta taɓa jin harshe ya yi ƙaura daga baki ba. Sannan ta gaya mini abin da kai ba ka taɓa gaya mini ba. Mahaifiyarka ɗinki ta yi wa wani mai babban shago shekara goma sha takwas. Ita ke yanka, ita ke ɗinkawa, a liƙa sunan shagon a wuyan riga. Da mai shagon ya rasu 'ya'yansa suka rufe wurin, ta fita neman aiki, duk inda ta je sai a ce ina shaidar ta iya? Rigunanta suna jikin rabin mutanen unguwa, amma ba wanda ya san hannunta ne. Yaya ta ce, "Kai da ka ce sunansa yake nema wa hanya, ka taɓa buɗe shafin nan kuwa?"

Ban taɓa ba. Tana fita na kunna kwamfutata na buɗe. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake komawa. Sunana yana nan, da jerin abin da na yi, har da wanda ni kaina na manta. Naka babu.

Washegari da safe na same ka a ɗakin, ka tsugunna kana share fankar wata tsohuwar kwamfuta. Na shirya dogon jawabi a hanya, da na zo gabanka duk ya gudu. Na ce, Malam, na yi kuskure. Ko ɗagowa ba ka yi ba, ka ce, "Kawun yara, riƙe mini wannan murfin." Na riƙe. Shi ke nan, ba ka sake tayar da maganar ba har ka koma ga Allah. A ranar na zauna na ƙara sunanka a shafin da hannuna. Ka so ka yi musu, na ce dokarka ce ta kama ka, ba a aiki a ɓoye mai shi.

Shafin da na ce ba mai buɗewa, an buɗe shi. Bayan kamar shekara guda wata ƙungiya mai shirya littattafan koyar da ma'aikatan lafiya ta ga fassarar, ta so ta san wanda ya daidaita Hausar. Suka duba shafin, suka rubuto wa Sakatariya wasiƙa da sunanta a bayan ambulan. Ta kawo maka ita, ta ce a duk shekarunta na ofis wannan ce wasiƙa ta farko da aka rubuto mata ita, ba don ta buga wa wani amsa ba. Yau ta yi ritaya daga kwaleji, littattafai shida sun fito da sunanta a ciki, kuma ita ke jagorantar ƙungiyarmu ta fassara. Mu da muke da digiri, ita ke mayar mana da aiki ta ce a sake.

Ba zan yi maka ƙarya a kan kabarinka ba: a kan sunan manhajar ba mu taɓa daidaitawa ba. Kwana shida kafin rasuwarka na zo asibiti bayan la'asar, na same ka ka rame ƙwarai, amma idonka na nan da haskensa. Don in sa ka magana na nuna maka wayata, na ce ga ƙwayar Linux a ciki ba tare da kayan mutanenka ba, ita kuma me za a kira ta? Ka ce wannan kam ka kira ta yadda ka ga dama, inda ba su yi aiki ba ba ka nema musu lada. Na ce a rubuta, yau Malam ya sallama. Ka ce ba ka sallama ba, adalci ka yi, kuma bambancin ne na kasa ganewa shekara ashirin da biyu. Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce in ba zan bar mara lafiya ya huta ba za ta kore ni. Kafin in fita ka sa Yaya ta ba ni makullin ɗakin kwamfuta in kai wa Sakatariya, ka ce kada a rufe ajin Asabar ko da mako ɗaya.

Ba a rufe ba. Asabar ɗin da ta biyo bayan jana'izarka mutum ashirin da uku suka zo. Mun zaci gaisuwa ce ta kawo su, sai ga kowa da littafinsa. Aka yi maka addu'a, aka kunna injina. Tsofaffin ɗalibanka biyu, waɗanda yanzu ke kula da ɗakunan kwamfuta a wasu makarantu, sun ce za su riƙa karɓar ajin bi da bi. Makarantu goma sha huɗu ke amfani da fassarar nan a yau, kuma ana shirin ƙara wasu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta yi shekara talatin da uku tana haƙuri da mu biyu, ta kuma yi jinyarka ba tare da ta taɓa cewa ta gaji ba. Ga babban ɗanka da matarsa da jikokinka uku, ga 'yarka ta tsakiya, ga Auta, ga ƙannenka, ga abokan aiki da ɗalibai da mutanen Asabar. Kun yi rashin uba, na yi rashin babban wa. Allah Ya ba mu haƙurin jurewa.

Yaya ta ce in sanar da jama'a cewa akwai kwamfutoci bakwai na mutane a ɗakinka na gida, waɗanda aka kawo maka gyara kafin ciwo ya kwantar da kai. Huɗu ka gama su, masu su na iya zuwa su karɓa. Sauran ukun a ɗan ƙara haƙuri. Auta ta ɗauko akwatin kayan aikinka ta ce a ba ta mako biyu, kuma jiya da na leƙa na tarar ta tayar da ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bayar ya zama sadaka mai gudana a gare shi, Ka haɗa shi da mahaifansa a Aljanna Firdausi. Ka albarkaci zuriyarsa, Ka ba mu ikon riƙe amanar da ya bari, kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.